SHARHI: Abincin kare mai araha, masara mai fumfuna, da darasin da ke ciki ga ƙasar Danko

A ƙasar Zuru kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a ƙofar gida, shi ke bin mafarauci daji bayan girbi. A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu kuwa, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna kai hare-hare, haushinsa kan zama sanarwar farko cewa baƙon dare ya doso gari. Tun asubahin Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025, da aka sace ɗalibai 25 a makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar, ba wanda ke buƙatar a tuna masa darajar abin da zai tashe shi daga barci da wuri.

Saboda haka tambayar me kare ke ci ba ta masu hannu da shuni kaɗai ba ce. Mafi yawan karnukan Danko da Ribah dusa suke ci da ragowar tuwo da ƙasusuwa. Busasshen abincin kare na buhu ya fi yawa a shagunan Abuja, Kaduna da Kano. Amma ko na buhu ko na gida, mai araha daga wuri guda yake fitowa, wato hatsin da ya fi kowane sauƙin kuɗi a kasuwa. Wannan hatsi shi ne abin dubawa, domin matsalar da ke cikinsa ba ta tsaya kan kare ba.

Yadda tsada ta canza lissafi

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni sun ɗaga farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje. Dalar da ake canzawa ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024. A tsakiyar wannan shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. Magidancin da ke neman yadda zai ciyar da 'ya'yansa ba zai tsaya zaɓar wa kare abinci ba, duk wanda ya fi araha shi zai ɗauka. Mai haɗa abincin dabbobi shi ma yana son ya sayar, don haka yakan rage abu mai tsada kamar garin kifi da nama, ya cike gurbin da masara da dusa.

Sai dai araha ba ta ado. Abincin da dusa ta yi wa yawa yana cika ciki, amma kaɗan ne daga cikinsa ke zama tsoka. Idan kare zai ƙoshi da kofi biyu na mai kyau amma sai ya ci uku na mai araha, ribar da mai saye ke ganin ya samu ta riga ta zube tun kafin buhu ya ƙare.

Abin da rubutun jikin buhu ke faɗa

Ma'aunin da kamfanoni da dama ke bi a duniya na ƙungiyar AAFCO ne ta jami'an sa ido kan abincin dabbobi a Amurka. Ya tanadi cewa abincin babban kare ya ƙunshi furotin, wato sinadarin gina jiki, aƙalla kashi 18 cikin 100, da maiƙo kashi 5.5, bayan an cire nauyin ruwan da ke ciki. Ɗan kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa suna buƙatar furotin kashi 22.5 da maiƙo kashi 8.5. A bisa ƙa'ida kuma ana jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Idan abubuwa ukun farko duk hatsi ne da dusa, hoton kaza da ke gaban buhu talla ne kawai.

Su kansu alƙaluman suna iya yaudara. Gwajin da aka saba yi yana auna sinadarin naitirojin ne, sannan a ƙiyasta yawan furotin daga gare shi. A 2007 an gano cewa wasu masu kai kayan haɗi daga ƙasar Sin suna zuba melamin, sinadarin da ake yin roba da shi, domin yana da naitirojin mai yawa kuma yana sa gwaji ya nuna furotin da babu shi. Karnuka da kyanwoyi da dama sun mutu da ciwon ƙoda a Amurka. Shekara guda bayan haka aka samu wannan sinadari a madarar jarirai a ƙasar Sin, jarirai shida suka rasu, kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya. Algus ɗin da aka fara gani a kwanon kare, a bakin jariri ya ƙare.

Gubar da ido ba ya gani

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne afalatoksin, gubar da wata fumfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa idan fari ya gallabi shuka, ko an adana amfanin gona bai gama bushewa ba. Dafuwa ba ta kashe ta. Hanta take kamawa, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure mata. Alamominta sun haɗa da kasala, ƙin cin abinci, amai, gudawa, da idanu ko dasashi su koma rawaya kamar mai shawara.

A ƙarshen 2020 da farkon 2021 an janye abincin Sportmix daga kasuwannin Amurka, kuma hukumar FDA ta samu rahoton mutuwar dabbobi fiye da 100. A ƙasar da doka ta hana wannan guba ta wuce kashi 20 cikin biliyan ɗaya ke nan, kuma ake da ɗakunan gwaji a ko'ina. A gabashin Kenya kuwa, a 2004, mutane 125 suka mutu bayan sun ci masarar da ke ɗauke da ita. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Idan saniya ta ci gurɓatacciyar dusa, wani sashe na gubar yana fitowa a nononta.

A nan matsalar tsaro ta haɗu da ta abinci. Manomin da ke fargabar daɗewa a gona yakan yi gaggawar girbi, ya tura masara rumbu ko buhu da sauran danshi. Idan aka zo tsince, ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka rube su ake ware wa kaji da karnuka, ko a sayar da su da rahusa ga masu haɗa abincin dabbobi. Sauran, waɗanda suka kwana a rumbu ɗaya da su, su ake niƙawa a yi tuwo.

Abin da mai kare zai iya yi

Ya duba lambar rajistar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da sunan kamfani da adireshinsa. Ya guji abincin da aka juye daga buhunsa ana aunawa da mudu, domin ba mai iya bin sawunsa idan aka samu matsala. Ya shinshina, warin fumfuna ko na tsohon mai ya isa dalilin barinsa, ko da yake rashin wari ba shaidar lafiya ba ne. Sannan ya lura da karen na 'yan makonni. Gashi mai sheƙi, kashi kaɗan mai ƙarfi da kuzari su ne hukuncin gaskiya. Mai haɗawa a gida ya haɗa tuwo da kan kifi, ƙwai ko kayan ciki daga mahauta, ya nisanci albasa da dafaffen ƙashin kaza, kada kuma ya ba dabba hatsin da shi ba zai ci ba.

Wa ke da alhakin gwaji?

Ido da hanci ba sa gano afalatoksin, sai ɗakin gwaji, kuma wannan aikin hukuma ne. NAFDAC na da sashen kula da magunguna da abincin dabbobi. Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya, NIAS, wadda doka ta kafa a 2007, ita ke sa ido kan masu haɗa abincin. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. A cikin masarautar ma akwai Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage wannan guba tun kafin girbi.

Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Abin da ya dace matasan Danko, Wasagu, Sakaba, Fakai da Dabai su tambayi wakilansu a Birnin Kebbi da Abuja shi ne: yaushe aka ɗebi samfurin masara da dusa daga kasuwanninmu aka gwada, kuma ina sakamakon? Nawa aka ware a kasafin jihar don busar da hatsi da adana shi? Manoma nawa aka kai wa Aflasafe?

Idan kare ya fara rama a gida, idanunsa suka yi rawaya, a kai shi wurin likitan dabbobi. Daga nan kuma a buɗe rumbu a duba masarar da yara ke ci.