Awo Kafin Yanka

Duk wanda ya taɓa kai wa tela yadi ya san ba a sa almakashi sai an gama awo. In tela ya yi yanka da ka, riga ta fito a ɗame, to, yadi ya tafi, ladan ɗinki ya tafi, rigar kuma ba ta sawuwa. Muna so akawunan ƙananan hukumomi da malaman makaranta su riƙe wannan misali, gama yanzu aikin ofis yana ta komawa cikin kwamfuta. Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ita ma ɗinka ta a ke yi. Awonta kuwa shi ne takardar bukatu, wato inda a ke rubuta dalla-dalla abin da a ke so ta yi, tun masu tsara ta ba su fara aiki ba.

Mun ga abin da ƙarancin awo ya jawo a ƙasar nan. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi da tsarin IPPIS, don a kawar da ma'aikatan bogi. Niyyar kyakkyawa ce. Amma da aka zo shigar da jami'o'i sai malamansu suka ce ba a jikinsu aka auna rigar ba. Malamin jami'a yakan tafi hutun nazari na shekara guda a wata jami'ar, yakan kuma je koyarwa ta ziyara, farfesa kuwa sai ya cika shekara 70 ya ke ajiye aiki. Suka ce tsarin bai san da wannan duka ba. Ƙungiyarsu ta ASUU har ta tsara tata manhajar, UTAS. Wannan gardama tana cikin abubuwan da suka rufe jami'o'i wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. A Disamba 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yarda a cire jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horon malamai daga tsarin. To, wa zai mayar wa ɗalibai watannin da suka zauna a gida?

Kada wani ya ce wannan batun manya ne. Mu ɗauki Riruwai, garin haƙar kuza, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, can bayan dajin Falgore. A ce an zauna a Kano za a tsara manhajar rajistar malamai da 'yan makaranta. Wa zai tuna wa masu tsarawa su tanadi abin da akawun Riruwai zai yi ran da wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke? Wa zai gaya musu Muhammadu da Mamman na iya zama mutum ɗaya, ko kuwa suna mai ƙ da ɗ da ɓ yana bukatar gurbinsa? Ga dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, sai dai ya ce shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Tiga, wato 1974. Ga malamin da aka ɗauke daga Kiru zuwa Tudun Wada ana tsakiyar wata. Ga ɗan Fulanin da ke bin shanu da rani ya komo da damina. In takardar bukatu ta yi shiru a kan waɗannan, na'ura za ta ƙi su, albashin wani ya maƙale, sunan yaro ya ɓace. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Saboda haka ga shawararmu. Da farko, a taka a je a tambayi masu aikin a inda su ke. Na biyu, kowace bukata ta fito fili yadda za a iya jarraba ta. A ce manhaja ta yi sauri, ba a ce komai ba. A rubuta cewa ta fitar da takardar albashin malamai 500 cikin minti biyar, sa'an nan ran karɓar aiki a duba agogo. Na uku, a karanta bukatun a jere, a tabbata wata ba ta karo da wata. Na huɗu, kowane ɓangare ya sa hannu, in kuma an sake wani abu daga baya a rubuta wanda ya sake da dalilinsa. Gyara a kan takarda alƙalami kaɗai ya ke ci, amma bayan an gama aiki sai an buɗe baitulmali.

Ku kuma akawuna da malamai, in an zo tambayarku kada kunya ta sa ku ce, “Ranka ya daɗe, duk yadda aka yi daidai ne.” Ku fito da littattafanku, ku nuna inda aiki ke ba ku wuya. Ku ne za ku sa rigar nan, don haka ku tsaya a auna ku sosai. Allah ya sa mu dace.