A Daina Ɗora Wa Rezo Laifin Da Ba Nashi Ba

Jama'a, ɗalibi a Dakoro ko Tanut ya sayi forfe da kuɗin guminshi, ya share rabin awa yana cike takardar neman gurbi a intanet. Yana danna aikawa, rezo ya ɗauke, shafi ya yi fari fat, komi ya goge. Sai ya koma farko, ya sake sayen mega. Ni dai na ce sakacin masu ƙera shafin ne, da na waɗanda suka ba su kwangila.

Maganin ba sabo ba ne. Burauzar wayarka tana da rumbu, IndexedDB, inda za a adana abin da ka rubuta. Service Worker kuma yana riƙe kwafin shafi, ya buɗe ko babu intanet. Bayani ya jira a layi, rezo na dawowa ya wuce. Haka WhatsApp ke yi da alamar agogonshi. Ma'aikatan agaji suna cike KoboToolbox a ƙauyukan da babu rezo sam, su aika in sun shigo gari.

Za su ce aikin yana ƙara tsada, don sai an tsara yadda za a sasanta bayanin waya da na uwar garke in sun saɓa. Gaskiya ne. To yanzu wa ke biyan tsadar? Talaka, wallahi.

Buƙatarmu guda ce: duk kwangilar shafin hukuma, a rubuta sharaɗin cewa zai yi aiki ko rezo ya yanke. Kuma a gwada shi a Bermo, ba cikin ofis mai wifi a Yamai ba.