Kul! Kada Kamanni Su Ruɗe Ka

Ya kai ɗalibi, dubi kalmar nan "man". A Hausa mai ne, kamar man gyaɗa. A Larabci tambaya ce, wato "wa?" Bature kuwa namiji yake nufi. Rubutu ɗaya, amma ba dangin iya ba na baba.

Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne "kul". A wurinmu gargaɗi ne, a Larabci "ka ci". "Ƙul" mai ƙaf, wadda ta buɗe Suratul Ikhlasi, ita ce "ka ce". Mai koyon surori daga rubutun boko yakan yar da ƙugiyar nan, sai umarnin faɗa ya koma na ci, kuma a cikin salla! Ajiye littafin nan, ka je malam ya biya maka baki da baki.