ƘWARYA TA BI ƘWARYA: HIKIMAR MAGABATA KO JAHILIYYA DA RAWANI?

Akwai wata magana da ta zama garkuwa a bakin mutane da yawa a ƙasar Gumel, tun daga cikin gari har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma abin takaici ta fara shiga bakin matasan da ke kiran kansu 'yan gwagwarmaya. Idan aka hana saurayi aure saboda ubansa mahauci ne, ko kakansa wanzami ne, ko an ce kakan kakansa a rinji aka haife shi, sai masu hanawar su ce su fa ba wariya suke yi ba. Wariya, in ji su, ita ce ta Turawan Afirka ta Kudu da na Amurka, wadda ake yi saboda launin fata. Su kuwa wai daidai da su kawai suke nema, wanda tarbiyyarsu ta zo ɗaya, tunda Bahaushe ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

To, maganar tana da ƙafa ɗaya a kan gaskiya, shi ya sa take yaudarar mutane. Babu mai hankalin da zai ce wa uba ya miƙa 'yarsa ga mashayi ko wanda ba ya salla don kada a ce ya nuna bambanci. Zaɓen abokin zama saboda addininsa da halinsa umarni ne. Manzon Allah (SAW) ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, ya kwatanta mugun aboki da mai hura zugazugi, wanda ko bai ƙona wa mutum riga ba zai bar shi da warin hayaƙi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya ce ba zai yi abota ko surukuta da maƙaryaci ba, bai zalunci kowa ba, domin maƙaryacin na iya tuba gobe ƙofa ta buɗe masa.

A nan ma'aunin yake. A tambayi mai hana auren: me wannan yaro zai yi ya cancanta? Idan ya ce ya riƙe salla, ya bar yawon banza, ya nemi abin yi, to wannan zaɓen hali ne. Idan kuwa ya yi shiru, ko ya ce ai ba laifin yaron ba ne, asali ne, to ya faɗi da bakinsa cewa ko yaron ya haddace Alƙur'ani izu sittin, ko ya fi limamin unguwa tsoron Allah, ƙofar a garƙame take, domin abin da ake tuhumarsa da shi ya auku tun kafin a haife shi. Ina bambancin wannan da dokar da gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta kafa a 1949 ta haramta aure tsakanin farare da waɗanda ba farare ba, wadda ba a soke ta ba sai 1985? Ina bambancinsa da dokokin jihohi 16 na Amurka da suka haramta irin wannan aure har sai da kotun ƙolinsu ta rushe su a 1967? Baturen can yana duba fata, na nan yana duba sana'ar kaka, amma dukkansu jini suke tuhuma. Na nan ma ya fi wahalar da kansa, domin shi sai ya aika bincike har ƙauyen da aka binne cibiyar kakan yaro kafin ya gano abin da zai ƙi shi saboda shi.

Su kansu masu dokokin duniya sun gane haka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar jinsi ta sanya zuriya cikin abubuwan da ake wariya da su, tare da launi da ƙabila, sannan a 2002 kwamitin da ke kula da ita ya fito fili ya ce wannan ya haɗa da matsayin da ake gada, irin na Indiya. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa kawai. Ba don takardunsu hujja ne a kan Musulmi aka kawo su ba. An kawo su ne don kunya ta kama mai ɗauke da Suratul Hujurat a ƙirjinsa, wanda ya san aya ta 13 ta sanar da cewa daga namiji ɗaya da mace ɗaya aka halicci mutane, an yi su dangogi da ƙabilu don su san juna, kuma fifiko a wurin Allah na mai taƙawa ne, amma sai ga shi wasu ne ke tuna masa.

Mai son ganin munafuncin abin da idonsa ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna kwararowa daga Jamhuriyar Nijar, ana loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Mai dabba mutum ne, dillali mutum ne, fatake da masu motoci duk alhazai ne da ake rububin ba su 'ya'ya. Alhali kuwa duk wannan dukiya a kan wuƙar mahauci take ƙarewa, in babu shi saniya ba ta da farashi. Ana cin tsirensa da balangunsa da kilishinsa a suɗe yatsa, ana yarda da bismillarsa a kan abin da za a sa a ciki, amma ya nemi aure sai a tuna jini yake taɓawa. Wanzami kuma a miƙa masa jariri ɗan kwana bakwai ya yi masa aski, a miƙa masa ɗa namiji ya yi masa kaciya, a ba shi amanar abin da ya fi komai tsada a gidan, amma ba za a ba ɗansa 'ya ba. Maƙeri shi ya ƙera garma da fartanya da laujen da ake noma gero da riɗi a jigayin Gagarawa da Sule Tankarkar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wani mai bincike, M.G. Smith, ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera sana'o'i hawa-hawa, sarakuna da malamai da attajirai a sama, mahauta da makaɗa a ƙasa, da yadda suke raba sana'ar gado da ta shigege. Shekaru fiye da sittin ke nan, an yi boko, an yi wa'azi, an yi muzahara, tsanin yana nan jingine a zaurukan mutane.

Shin daga ina aka samo wannan a addini? Annabi Dawud (AS) Allah Ya tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, kamar yadda ya zo a Suratu Saba'i. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Khabbabu ɗan Aratti (RA), wanda aka kwantar a kan garwashi a Makka saboda imaninsa, maƙeri ne. Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi (RA) da hannunta take jima da ɗinkin fata tana sadaka da kuɗin, wato a lissafin wasu gidajen Gumel majemiya ce. Abu Hindin (RA) ƙaho yake yi wa mutane, sana'ar wanzamai tsantsa, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Banu Bayada su aurar masa, su kuma nemi aure a gidansa. Wanda ya ce shi ya fi ƙarfin surukuta da wanzami, to ya san da wa yake jayayya.

Batun bauta ya fi wannan ciwo. Manzon Allah (SAW) da kansa ya aurar da Zainabu, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawansa. Masu neman mafaka sukan yi caraf su ce ai auren bai ɗore ba, ƙwarya ta bi akushi ta fashe. To, in haka ne darasin, me ya sa bayan wannan ya shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraisha, ta auri Usamatu ɗan Zaidun, ta bar Mu'awiya da Abu Jahmin da suka nemi aurenta? Abu Huzaifa (RA), ɗan Utba ɗan Rabi'a, ɗaya daga cikin shugabannin Ƙuraishawa, ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, wanda 'yantaccen bawa ne, shi ne kuma ya limanci Muhajirai na farko a Ƙuba, har da Umar (RA) a bayansa, saboda ya fi su Alƙur'ani. Da Abu Zarri (RA) ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah (SAW) bai kira abin al'ada ba, ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi.

Gaskiya ne malaman Hanafiyya da Shafi'iyya sun lissafa nasaba da sana'a cikin kafa'a, wato daidaiton ma'aurata. Amma mutanen ƙasar nan Malikawa ne, da Risala da Mukhtasar aka yaye su. A Mukhtasar na Shaihu Khalil kafa'a ta tsaya a kan addini da lafiya daga aibobin da ake mayar da aure saboda su, kuma ya bayyana cewa 'yantaccen bawa da wanda ba sharifi ba da mai ƙarancin matsayi duk sun isa su auri wadda ta fi su. Mutum ya kwana yana musu a kan sadlu da ƙablu da sunan mazhabar Imamu Malik, ranar aurar da 'yarsa kuma ya ajiye Malik a ƙofar gida ya ɗauko mazhabar tsofaffin unguwa.

Kuma wane ne bawan a ƙasar Gumel? Mangawa suka kafa masarautar wajajen 1750, ta zauna ƙarƙashin Borno, ba ta taɓa shiga Daular Sakkwato ba. Har 1845 hedikwatarta a Tumbi take, wadda yanzu tana cikin Nijar. Ta sha yaƙi da Haɗeja da Kano da Damagaram, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 mahara daga Damagaram sun yi ta kwasar mutanenta, kafin Turawa su shigo a 1903. A irin wannan zamani, tsakanin ɗa da bawa sau da yawa gudun doki ne kawai: wanda aka cim masa a gona ya zama bawa, wanda ya shige ganuwa ya zama ɗan asali. Ba mamaki mai taƙama da asali a Gumel yau yana da dangin da ake kira bayi a Damagaram. Da yawa daga waɗanda aka kama Musulmi ne, alhali tun 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya lissafa Borno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Wato zaluntar kakan aka yi, yanzu kuma ana cin tarar jikan. Turawan mulkin mallaka sun ayyana duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 a matsayin ɗa, a 1936 suka soke bautar gaba ɗaya a Arewa, amma littafin da ke cikin kan tsofaffi ba a yage shi ba.

Wanda ke ganin abin bai wuce tsegumin aure ba ya leƙa tsallaken iyaka. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a yankin Ƙonni saboda uwarta baiwa ce, aka mayar da ita wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba sadaki ba haƙƙi. Sai a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Tunanin da ya sayar da ita shi ne dai wanda ke raɗa a zaure cewa gidan su wane ba a aurensu.

Fifita mai kuɗi wata cuta ce daban, sunanta kwaɗayi. Waliyyi yana da haƙƙin ya tabbatar mai neman 'yarsa zai iya ci da ita, amma akwatunan lefe ba sa cikin sharuɗɗan aure. Sai dai kuɗin yana tona asiri: a wasu gidajen ɗan mahauci ya yi arziki ya sayi mota sai asalin ya wanku nan take, a wasu kuwa ko ya gina bene ba ya wankuwa. Na farko sun nuna ƙa'idar tasu ta sayarwa ce, na biyu sun nuna jini suke bauta wa.

Laifi tudu ne. Matasan da suka cika tituna suna la'antar wariya a Afirka ta Kudu da zaluncin da ake wa Falasɗinawa, su duba sahunsu. Ana zama a tabarma ɗaya a wajen ta'alim ana kiran juna ɗan'uwa, amma in maganar ƙanwa ta taso sai wanda ya fito Kwalejin Ilimi ta Gumel ya tuna cewa ɗayan almajiri ne mai yankan farce, ko Buzu ne, ko daga Faransa iyayensa suka ƙetaro, kamar ba jiya Ingila da Faransa suka ja layin a tsakiyar gonakin dangi ɗaya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Bayanu Wujubil Hijra ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki. Abin da ke rusa daula ba zai bar jama'ar da ko daular ba ta kafa ba.

A yawancin gidaje wan yarinya ko ƙanin ubanta ake aika binciken mai neman aure, wato su waɗannan matasan ne dai. Wanda aka aika ya tambayi masallacin da yaron ke salla, da mutanen da yake hulɗar kuɗi da su, da yadda yake da mahaifiyarsa, da lafiyarsa, da abin da zai ciyar da iyali. Idan ya dawo tsoho ya ce to su wane ne kakanninsa, kada ya ɗaga murya, domin uba uba ne. Ya nemi malamin da tsohon yake girmamawa, ya roƙe shi ya zo da Mukhtasar ɗinsa, a buɗe babin nikahi a gaban kowa a zaure, a karanta wurin kafa'a a fassara, tun kafin a mayar wa mutane da goronsu.