Mudun Intanet Ba Ya Awon Mutum

Daren jiya, a teburin mai shayi na bakin zango, na tarar da samarinmu suna gardama kan tsofaffin 'yan ƙwallon Sifaniya biyu, Carles Puyol da Gerard Piqué: wane ne babba? Can wani ya zaro waya, ya duba yawan mabiyan kowannensu a Instagram, ya ce Piqué ke gaba, magana ta ƙare. Kowa ya yi tsit, sai ka ce alƙali ya yanke hukunci. Shirun nan shi ya hana ni barci.

Ya ku 'ya'yana, me wannan lissafi yake aunawa? Ranar 7 ga Yuli 2010, a Durban ta Afirka ta Kudu, Puyol ya jefa wa Jamus ƙwallo da ka, ita ce ta kai Sifaniya wasan ƙarshe na Kofin Duniya, wanda kuma ta ɗauka. A ranar babu Instagram a duniya, sai a watan Oktoba na shekarar aka buɗe shi. Ta yaya mudun da aka sassaƙa bayan an tashi kasuwa zai faɗi abin da aka auna da hantsi?

Ku dubi ɗaya ɓangaren. Piqué gwani ne, ban musa ba, tare suka ɗauki kofin nan. Amma lokacin da sunansa ya cika wayoyin duniya, a 2022 da farkon 2023, rabuwarsa da mawaƙiya Shakira ce ta jawo. Na'ura tana ƙidaya duk wanda ya leƙo, ba ta tambayarsa ko ƙauna ce ta kawo shi ko gulma. Mai wasa da kura ma yana tara jama'a a kasuwa fiye da limami. Balle kuma mabiya, kowa ya san ana sayen na bogi da kuɗi.

Za ku ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Haka ne, a fagen yaƙi. Daraja kuwa aiki da hali ake dubawa. A 2011, a filin Wembley, bayan Barcelona ta doke Manchester United da ci 3 da 1, Puyol ne kyaftin, shi ya kamata ya ɗaga Kofin Zakarun Turai. Sai ya ɗaura wa Eric Abidal kambunsa, wanda aka yi wa tiyatar cire ƙari a hanta a watan Maris na shekarar, ya ce shi ya ɗaga. Har ya yi ritaya a 2014 bai bar ƙungiyarsa ba. A wane shafi ake ƙidaya wannan?

Tsorona ba ya kan Puyol, ya ci zamaninsa, bai ma san muna yi ba. Tsorona yana kanmu. Yaron da ya saba auna ɗan ƙwallo da yawan mabiya, gobe da shi zai auna malaminsa da mai unguwarsa, jibi ya auna mahaifinsa. Dattawan da suke sasanta aure, suke karɓar baƙo, suke tsayawa kan jana'izar wanda ba shi da kowa a nan, yawancinsu ko shafi ba su da shi.

In gardama ta sake tashi, ku kife wayar, ku tambayi abin da mutum ya aikata. Allah Ya ba mu fahimta.