A Gwada Mota Da Na'ura Kafin A Kwance Ta

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda masu motocin Beljiyam, da kuma makanikanmu.

A ranin da ya wuce na ɗoro kwandunan tumatir daga Kadawa zan kai kasuwar 'Yankaba a Kano. Na wuce Kura kaɗan sai wata fitila mai hoton inji ta kama a gabana, mota ta yi sanyi. Na taka totur har ƙasa, inji na kuka amma giya ta ƙi sauyawa. Haka na riƙa rarrafe, rana na dukan kaya, sai bayan azahar na isa, kasuwa ta riga ta faɗi.

Bakaniken farko ya ce fulogi ne, aka canza. Na biyu ya ce famfon mai ne, shi ma aka canza. Na uku ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu, mota ta tashi garau, na biya na yi godiya. Ko kilomita 10 ban yi ba ciwo ya dawo. Da na koma sai ya ce wai giyar ce ta mutu, in nemo wata. A lokacin har na fara tunanin sayar da masarar da na ajiye wa iyali.

Allah Ya haɗa ni da wani yaro mai gyaran waya. Ya jona 'yar na'ura a wani soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai lamba ta fito: P0720. Ya ce wannan lambar tana nuni ga na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota gudun da giya take yi. Ya bi wayar da hannu, ashe ɓera ne ya ci ta, don kusa da rumbu nake ajiye motar. Ya haɗa waya ya naɗe, ya goge lambar, shi ke nan. Har yau giyar nan ita nake hawa.

Abin da na koya shi ne, idan mota mai giya otomatik ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku ta ƙi gudu, sau da yawa ba mutuwa ta yi ba. Ƙwaƙwalwarta ce ta ga matsala ta rage mata ƙarfi da gangan, don kada inji ko giya su lalace kafin a kai gareji. Ƙarancin man giya na jawo haka, ko ƙura a na'urar auna iska, ko zafin inji, ko batir mai rauni. Kuma duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, ko mai fetur ta Tarayyar Turai daga 2001, tana da soket ɗin nan.

Wasu za su ce kuɗin gwaji ɓarna ne. To ni dai abin da na kashe a fulogi da famfo da asarar tumatir ya ninka shi sau da yawa. Amma a lura, lambar hanya kawai take nunawa, sai mai gyara ya bi ya tabbatar kafin a sayi kaya.

Don haka 'yan'uwa, in fitilar nan ta kama, a tsaya a duba ruwa da mai, a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa, kada a yarda a cire batir ko ƙwan fitilar a ce an gyara. Makanikanmu kuma ku yi haƙuri, ba raini ba ne, mun san gwanintarku. Ku haɗa kuɗi a ƙungiyance ku sayi na'urar nan, ku bar yaranku su koya.



Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Garun Malam, Jihar Kano.