A Sauko da Farantan Sola Ƙasa: Rufin Kwanon Buji Ba Mazauninsu Ba Ne

Ma'aikacin da ke Dutse ko Kano ko Abuja, idan Allah ya hore masa ya yi niyyar sa wa gidan iyayensa sola a Gantsa ko Ahoto ko Kawaya, tambayoyin da yake yi wa mai haɗawa ba su cika wuce uku ba: faranti nawa, batir wane iri, nawa ne kuɗin. Tambaya ta huɗu, wato ina za a ɗora farantan, ba a yin ta, domin kowa ya ɗauka amsarta a fili take. Yaro zai jingina tsani, ya hau kwano, ya huda, ya ɗaure. Haka ake yi a birni, don haka haka za a yi a ƙauye. Ra'ayina shi ne wannan kwaikwayo ne da bai dace da mu ba, kuma a mafi yawan gidajen ƙasar Buji wurin da ya kamata a kafa farantan sola shi ne ƙasa, a kan ƙafafun ƙarfe da aka dasa cikin kankare.

Mutumin birni yana da hujjarsa ta hawa rufi. Fulotinsa ƙarami ne, gini ya cinye shi, benen maƙwabci ya tare masa rana, abin da ya rage masa sai sama. A Buji kuwa abin da muke da shi a wadace shi ne fili, abin da muke da shi mai rauni kuma shi ne rufi. Da wuya ka shiga gida ka rasa bayan ɗaki, ko kango, ko wurin da ake ɗan shuka kuɓewa da damina. Su ma manyan injiniyoyi, duk inda suka samu fili, ƙasa suke zaɓa. Tashar sola mai ƙarfin megawat 10 da aka ƙaddamar a Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso a Janairun 2023, a ƙasa aka jera ta, haka ma ta Gorou Banda a gefen Yamai.

Sola ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun farkon shekarun 2000, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, Ahoto na cikin ƙauyuka uku na Jigawa da aka sa wa sola ta famfon ruwa da asibiti da makaranta da fitilun titi, da haɗin gwiwar wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund. Abin da ya sauya shi ne dalilin sayenta. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. KEDCO, mai raba wa Kano da Katsina da Jigawa lantarki, ba zai raba abin da bai iso gare shi ba. Sola ta tashi daga abin ado ta koma dukiyar gida, irin wadda ake sa ran za ta yi shekara ashirin ko fiye. Dukiya irin wannan kuwa sai an yi tunani kafin a zaɓa mata mazauni.

Mu fara da rufin kansa. Faranti ɗaya mai wat 550, irin wanda ya cika kasuwa yanzu, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, nauyinsa kuma kusan kilo 28. Shida daga cikinsu, waɗanda za su riƙe firji da fankoki da fitilu da talabijin har da ɗan famfon ruwa, sun haura kilo 160, ban da ƙarafan da za su riƙe su. Kwanonmu siriri ne, an buga shi a kan katakon da kafinta ya lissafa don ɗaukar kwano kawai, wani lokaci ma gara ta riga ta fara aikinta a ciki. Kowace huda da aka yi don ɗaure faranti ƙofa ce ta yoyo bayan damina biyu ko uku. Amma nauyi da yoyo ƙananan matsaloli ne idan aka kwatanta da iska. Kowa a Jigawa ya san guguwar da ke gabatar ruwan farko, wadda ke yaye rufin makarantu da masallatai ta jefar a gonar wani. Iska ba ta danna faranti ƙasa, shiga take yi ta ƙarƙashinsa ta ɗaga shi kamar faifai. Idan kwanon ya tashi, da farantan zai tashi, mai gida ya wayi gari ba rufi, ba wuta.

Sai ƙura, wadda a ganina ita ce babbar hujja. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu yana sauke gari a kan komai, kuma ba ruwan sama da zai wanke shi har sai damina ta faɗi. Farantin da ƙura ta lulluɓe yana nan yana aiki, sai dai yana ba da ƙasa da abin da aka saye shi don ya bayar, kuma ragin yana ƙaruwa a hankali yadda ba a lura. Maganin ba wuya: ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, sau ɗaya ko biyu a mako idan hazo ya yi yawa. To, wa zai yi wannan aikin a kan rufi? Dattijon da aka sa wa solar don ya huta? Ko matan gida? Abin da ke faruwa shi ne a watan farko ana samun yaron da zai hau, a wata na uku an gaji, a wata na shida sai a kira mai gida a waya a ce masa batir ya lalace, ba ya kai wa asuba. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ke damunsa, domin farantan sun daina cika shi. Batirin ruwa kuma idan ya daɗe ba ya cika, lalacewar gaske yake yi, kuma shi ne mafi tsada a cikin kayan duka. Farantin da ke daidai ƙirjin mutum, yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta goge shi kafin ta tafi makaranta.

Akwai kuma zafi. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba da wutar, alhali haske ne, zafin ma rage ta yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk digo ɗaya da ya ƙaru a kan haka yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari uku na ƙarfin. A Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura 40, jikin faranti yana iya kai 60 ko fiye, wato an yi asarar fiye da kashi goma cikin ɗari a daidai watan da aka fi buƙatar fanka da ruwan sanyi. Farantin da aka kwantar a kan kwano mai zafi, ba inda iska za ta ratsa, ya fi shan wannan wahala a kan wanda ke tsaye a fili iska na kaɗa shi sama da ƙasa.

Rufi kuma ba ya ba ka zaɓin fuska. Wanda ya gina ɗakin ya bi layin unguwa ne, bai yi shawara da rana ba. Buji tana wajen digiri 11 da rabi a arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a mafi yawan shekara rana tana ratsawa ta kudu da mu, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta take ɗan karkata arewa. Abin da ya dace shi ne farantan su fuskanci kudu, da ɗan jingine na digiri 10 zuwa 15, wanda ya isa ruwan sama ya gangara ya tafi da datti. A ƙasa, wannan aikin awo ne na 'yan mintoci. A kan rufi, abin da ka tarar shi za ka karɓa.

Ban ce ƙasa ba ta da nata haraji ba. Ƙarfe da siminti da kuɗin mai walda ƙari ne a kan lissafi, kuma wanda ya yi tsumulmula a nan ya fi wanda ya hau rufi shiga haɗari. Sunan jiharmu ma ya faɗi irin ƙasarmu: jigawa ce, rairayi mai saurin sakin abin da aka dasa a cikinsa idan ya jiƙe. Ramin ƙafa mai zurfin taƙi biyu ba zai riƙe rumfar farantai a gaban guguwa ba. Ana buƙatar rami mai zurfi, kankare na gaske, ƙarfe mai kauri da aka shafa wa fentin hana tsatsa, da ƙarafan gicciye. A kuma duba inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta kafin a haƙa. Wannan rairayin, idan ya bushe, ba ya saurin karɓar wuta, don haka sandar tagulla da ake kafawa saboda tsawa sai an nutsa da ita sosai, an haɗa ta da jikin ƙarafan. Wayar da za ta tafi ɗakin inbata kada ta yi nisa, kada ta yi siriri, a binne ta cikin bututun roba inda fartanya da ɓera ba za su same ta ba.

Inuwa ma abin lura ce, kuma ta fi cutar da wanda ke ƙasa. Farantai a jere ake haɗa su, wutar wannan ta bi ta cikin wancan, saboda haka reshen darbejiya ɗaya da ya rufe gefen faranti guda yana iya jawo ragi a layin gaba ɗaya. Wurin da ka gani tas da rana a watan Mayu, a Disamba inuwar katangar kudu na iya mamaye shi, domin a lokacin rana ta yi ƙasa sosai ta wannan ɓangaren. Kafin a sare bishiyar da kaka ya dasa, a nemi wani gefen. Gidan da ya sayar da inuwarsa don ya kunna fanka bai ci riba ba.

Akuya da yara da ɓarawo, su ne hujjar da masu son rufi suka fi kawowa, kuma ba hujjar banza ba ce. Akuya ba ta ganin tudu ta ƙyale, yaro ba ya ganin gilashi bai gwada dutse ba. Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce a ɗaga ƙarafan su haura tsayin mutum kaɗan, a mayar da abin rumfa. Farantai shida suna rufe wajen murabba'in mita 15 zuwa 16, inuwar da ta isa a ajiye babur, ko a shimfiɗa tabarma, ko a jera randuna. Akuya ba ta kai, ana gogewa da tsumma a bakin sanda daga kan benci, filin kuma bai salwanta ba. Sai dai rumfa mai tsayi ta fi kama iska, don haka ƙafafunta sai sun fi ƙarfi. Game da sata kuwa, farantin da ke cikin katanga, kusa da inda ake kwana, aka kuma yi wa notinansa walda, bai fi na kan rufin ɗakin da ke bakin hanya sauƙin ɗauka ba.

Abin da ba na jin masu haɗa sola suna ambata shi ne cewa filin da ake magana a kai yana da masu shi. Tsakar gida a wurinmu ta mata ce. Nan ake daka, nan ake shanya hatsi da kuka da kuɓewa, nan ake girki da rani, nan ake zaman suna da biki. Ɗan da ya zo daga Abuja ranar Asabar da mota cike da kaya, ya nuna wuri da yatsa ya ce a haƙa nan, ya koma ranar Lahadi, ya ƙwace wa mahaifiyarsa da matan 'yan'uwansa wurin aikinsu ba tare da ya sani ba. Ba za su yi masa musu ba, amma wata rana zai tarar an shanya zannuwa a kan farantan, kuma ba shi da bakin magana. Hajiya ta fi kowane injiniya sanin inda rana ke faɗawa a gidanta da hantsi, da inda ruwa ke taruwa, da inda inuwa ke kaiwa da la'asar, domin shekara arba'in tana bin inuwar nan da turminta. A tambaye ta. Kuma tunda su ne ke gida kullum, su ya kamata a koya wa gogewa da karanta lambobin da ke fuskar inbata, da sanin makunnin da ake kashewa idan hadari ya haɗo.

Wannan ya haɗa da batun shiga gida. Mai gyara namiji ne baƙo, kuma hawa rufi yana nufin leƙa gidan maƙwabta, abin da ke sa a yi ta jinkirta kiransa har sai mai gida ya zo. Idan aka kafa rumfar kusa da zaure, ko a gefen da ke da ƙofarsa daban, za a iya duba ta ba tare da an ta da kowa daga aikinsa ba. A gidan gado kuma, inda 'yan'uwa da yawa ke da haƙƙi a fili ɗaya, gara a yi magana a fili tun kafin a zuba kankare: na wane ne kayan, ɗakuna nawa za su sha wutar, wa zai sayi batir idan wannan ya mutu. Farantin da aka ɗaure da noti a kan ƙarfe ana iya kwance shi a mayar wani wuri ranar da aka zo rabo, ba tare da an taɓa rufin kowa ba.

Akwai inda rufi ya fi. Wanda ya gina bene mai rufin kankare a Dutse, da matakala har sama, ya riga ya samu fili a sama, ya kafa ƙarafansa a can. Wanda kuma faranti ɗaya ko biyu kawai zai sa, don fitila da cajin waya, ba ya buƙatar rumfa. Maganata a kan gidan da zai sa huɗu zuwa sama ne, a kan rufin kwano da katako. Shi wannan, idan mai haɗawa ya zo, kafin a sauke tsani daga mota a zagaya da shi bayan ɗaki da igiyar awo. A auna wurin faranti shida, sannan a bar sararin biyu ko huɗu a gefe, domin gidan da ya ɗanɗana firji bana, baɗi injin ƙanƙara zai nema.